Wace kalma ce tamu ta ranar da mutum ya fara fitowa gaban jama'a?

Zainabu:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya tun jiya. Aikina fassara labaran wasanni daga Turanci, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ban ci karo da kalmar nan debut ba. Na jiya labarin wani yaro ne ɗan Najeriya da wata ƙungiya a Turai ta ɗauka, aka sako shi ana saura minti goma a tashi. Na rubuta "ya yi wasansa na farko". Mai duba aikina ya dawo mini da shi, ya ce yaron da ya shekara shida yana taka leda a gida ba za a ce sai jiya ya yi wasansa na farko ba. Na ga gaskiyarsa, amma da na ce to me zan sa, sai ya ce in nemo. Ba ƙwallo kaɗai ba, ana faɗin kalmar ga mawaƙi, ga 'yar fim, ga marubuci. Shin muna da kalma guda da ta ɗauke wannan ma'ana? Don Allah a taimaka.

Nura:
Wa alaikumus salam. Anti Zainabu, ai muna da ita: buɗar kai. Mutum yana lulluɓe ba a san shi ba, yau an yaye mayafi kowa ya ga fuskarsa. "Yaron ya yi buɗar kai a Turai." Ni dai ta zauna mini daram.

Hajiya Uwani:
A'a Nura, ɗana, kada ka kai mu nan. Ka taɓa zama inda ake buɗar kai? Ni nawa ina tuna shi kamar jiya. An zaunar da ni a kan tabarma a tsakar gida, an rufe ni da mayafi har ƙasa, ƙafafuwan mutane kawai nake gani da gefen zannuwansu. Ƙanwar uwar mijina ce ta zo ta tsuguna, hannunta na ƙamshin turaren wuta, ta ɗaga mayafin a hankali, aka rangaɗa guɗa, kowa ya ajiye abin da ya zo da shi a cikin faranti. Ban ce uffan ba, ban ɗaga ido ba, kuma wannan shirun shi ne abin da ake so a gani. To ka duba, amarya ba ita ke yin komai ba, yi mata ake yi. Shi kuwa yaron da Zainabu ke magana, shiga fili ya yi don ya nuna abin da ya iya. In ka ce ɗan ƙwallo ya yi buɗar kai, duk macen da ta karanta amarya za ta gani a zuciyarta, kuma iyayen yaron ba za su ji daɗi ba.

Nura:
Na karɓi gyara, Hajiya. Amma akwai dalilin da ya sa na kawo ta. A Ingila akwai al'adar da suka daɗe suna yi, 'yan matan manyan gida in sun kai shekara 17 ko 18 a yi musu ado a kai su fada, su rusuna gaban sarki ko sarauniya, daga ranar an san sun isa shiga taro, sun isa aure. Sunan da ake kiran irin waɗannan 'yan mata daga wannan kalmar ya fito. Sarauniya Elizabeth ta biyu ce ta dakatar da kai su fada a 1958. Wannan kam ai ya yi kusa da namu.

Hajiya Uwani:
Ya yi kusa, amma su nasu kafin aure ne, ana neman miji. Namu an riga an ɗaura. Ko a nan ɗin ma ba su haɗu ba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum jama'a. Ku bari mu mutanen Nijar mu sa baki, don kalmar nan tamu ce tun a lakwal, wato makarantar boko. Faransanci ce, Turawan Ingila aro suka yi. A wajenmu début ba wani abu ba ne illa farko, mafarin kowane abu: farkon wata, farkon shekara, farkon damina. In an ce au début, "da farko" ke nan. Wanda ya soma koyon abu, ko tuƙi ko ɗinki, shi ne débutant, wato sabon shiga, ɗan koyo. Sai in za a yi maganar ɗan wasa ko mawaƙi ne ake cewa ya yi ses débuts, a jam'i. Masana sun ce tushenta but ne, abin da ake saitawa a jefa a wajen wasa, kuma wannan but ɗin shi muke faɗi har yau in an ci ƙwallo. Kun ga ke nan daga filin wasa ta taso. Da masu Turanci suka ɗauke ta a ƙarni na 18 sai suka ƙuntata ta, suka bar ta ga fitowar farko gaban jama'a kawai.

Wani abu kuma, harafin ƙarshe ba a furta shi. Nakan ji samari a gidan kallon ƙwallo, in na tsallaka Jibiya ko Katsina, suna cewa "dibat". Kusan "debu" ake faɗi.

Nura:
To ai shi ke nan, Malam na Maraɗi ya kawo mafita. Tunda masu Turanci ma aro suka yi ba su ji kunya ba, mu ma mu ara mu ce debu. Mun ari fenariti, mun ari kofi, mun ari alƙalami daga Larabci tun da daɗewa.

Malam Garba:
Assalamu alaikum. Nura, aro ba laifi ba ne, ban taɓa faɗa da shi ba. Amma a duba me ake arowa. Fenariti abu ne da ya zo mana tare da ƙwallo, ba mu da shi, sai muka karɓe shi da sunansa. Alƙalami ya zo tare da karatu. Shi kuwa fara fitowa gaban mutane, wane Bahaushe ne bai san shi ba? Abin da muke da shi a gida ba ma zuwa maƙwabta aronsa.

Zainabu, 'yata, matsalarki ba rashin kalma ba ce. Kin ga suna a Turanci, sai kike neman suna a Hausa ki ɗora a gurbinsa. Hausa kuwa a irin wannan wuri da aikatau take tafiya. Muna da fara, muna da soma. Jiya yaron ya fara buga wa ƙungiyarsa wasa. Bara ta fara fitowa a fim. A gidan sarki ya soma waƙa. Ki karanta wa kakarki waɗannan, ba za ta tambaye ki me kike nufi ba. Kuma ki lura da ɗan ƙaramin "wa" ɗin nan na "buga wa", shi ne ya warware ƙorafin mai duba aikinki, domin ya nuna farkon na wannan ƙungiya ne, ba na rayuwar yaron ba.

Na koyar da fassara shekaru masu yawa, kuma kuskuren da na fi gyarawa a takardun ɗalibai ke nan: jimlar Turanci ce tsaf aka sa wa rigar Hausa. "Ya yi fitowarsa ta farko" ba kuskure ba ne a nahawu, amma ki saurari mutane a kasuwa ko a majalisa ki ji ko akwai mai faɗin haka. Cewa za su yi "ran nan ne aka fara ganinsa".

Zainabu:
Allah ya ƙara basira, Malam. Wallahi da na karanta "ya fara buga wa" sai na ji kamar an sauke mini kaya. Amma akwai inda nake buƙatar suna dole, musamman a kanun labari. Misali a ce ya ci ƙwallo a ranar. "Ya ci ƙwallo a ranar da ya fara buga wa ƙungiyar wasa" ya yi tsawo, gurbin kanu ba zai ɗauka ba.

Abba:
Anti, nan kam "wasansa na farko" za ki koma, ki ƙara sunan ƙungiya: ya ci ƙwallo a wasansa na farko a ƙungiya kaza. Amma ina so in ja hankalinki ga wani abu da mu masu bin ƙwallo muke faɗa a kansa, don ba kowane wasan farko ake ƙirgawa ba. Ɗauki Messi. Ya fara saka rigar babbar ƙungiyar Barcelona a watan Nuwamba 2003, yana ɗan shekara 16, a wasan sada zumunta da Porto. Amma in kin duba tarihi, ranar da ake rubutawa ita ce 16 ga Oktoba 2004, da aka sako shi a wasan La Liga da Espanyol, domin shi ne wasan gasa. Kusan shekara guda tsakani. In kika ce "wasansa na farko" kika yi shiru, wani zai ce Porto, wani zai ce Espanyol, kuma kowa da gaskiyarsa. Sai kin ce wasansa na farko na gasa, ko wasansa na farko a La Liga.

Sannan akwai na ƙasa, shi ma daban. Messi ya fara buga wa Ajantina a watan Agusta 2005 da Hangari, ya shigo daga benci, bai yi minti biyu a fili ba aka ba shi jan kati. Sannan akwai ranar da aka fara wasa da mutum tun daga busa ta farko, ba canji ya shigo ba, ita ma Turawa suna da yadda suke kiran ta. Mutum ɗaya ke nan, farko huɗu.

Malam Garba:
Madalla, Abba. Ka ga abin da nake faɗa. Kalmar tasu ma ba ta tsayuwa ita kaɗai, sai sun jingina mata wata kafin a san wane farko ake nufi.

Abba:
Haka ne, Malam. Har akwai wanda ya fi wannan ɗaure kai. Ronaldo ya fara buga wa Manchester United a watan Agusta 2003 da Bolton. Ya tafi Madrid, ya tafi Juventus, ya dawo a 2021, ya ci Newcastle ƙwallo biyu a watan Satumba. Jaridun Ingila suka kira wannan rana da abin da in aka bi shi kalma da kalma zai zama "farko na biyu". Na ga wani shafi ya rubuta haka da Hausa, raina ya ɓaci. Farko ai ɗaya ne. Wasansa na farko bayan dawowarsa, shi ke nan, kowa ya gane.

Sadauki:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na ga wani ya turo mini a gefe wai a ce sharar fage. Don Allah kar a yi. Na yi dambe shekara tara kafin kafaɗa ta hana ni. Sharar fage shi ne wanda yara ke yi da la'asar sakaliya kafin manya su fito, a ɗumama wuri, mutane su taru, makaɗa su gyara kalangu. Yaro zai iya shekara uku yana sharar fage ba wanda ya san sunansa.

Ranar da ake magana daban take. Ni tawa bayan girbi ce, a wani ƙauye da muka je. Ubangidana ya kira ni bayan rumfa, ya ce miƙo hannu. Shi da kansa ya naɗa mini zare, yana ja yana tambaya ta ko ya matse. Bai taɓa ɗaura mini da hannunsa ba sai ran nan. Da na shiga fili ƙafafuna rawa suke, ƙura ta shiga mini baki, sai na ji makaɗi ya ambaci sunana da na garinmu. Turmi na biyu aka kashe ni. Amma daga ranar in an zo haɗa dambe ana lissafawa da ni. Mu abin da muke cewa, "ran da aka fara sa shi da manya", ko "ran da ya fara shiga fage".

Hajiya Uwani:
Allah sarki, Sadauki. Ka ga wannan ita ce maganar. An kashe ka, amma ranar ba ta ɓaci ba.

Zainabu:
Yaya Sadauki, na gode ƙwarai. "Fara shiga fage" ta yi mini daɗi, don fage ya ɗauki ɗan dambe, ya ɗauki mawaƙi, har ɗan siyasa muna cewa ya shiga fagen siyasa. Kuma akwai idon jama'a a cikinta, wanda shi ne abin da na ji "na farko" kaɗai ba ta da shi.

Ɗan Maraɗi:
Mu ma a kokowa haka muke faɗi. Gasar takobi ta ƙasa, wadda aka soma a Tawa a 1975, kowace jiha da 'yan kokowarta take zuwa. Yaron da aka zo da shi karon farko sai ka ji masu sharhi a rediyo suna cewa bana ne ya fara shigowa fili, ko sabon jini ne. Da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu Nijar, ta je gasar cin kofin Afirka a 2012, cewa muka yi karon farko ke nan a tarihi. Ba wanda ya nemi wata kalma.

Abba:
Kamar Najeriya a kofin duniya na 1994 a Amurka. Zuwan farko, wasan farko, aka ci Bulgeriya uku da nema, Rashidi Yekini ya ci ta farko ya kama raga yana kuka. Babana har yau "zuwanmu na farko" yake cewa.

Baba Audu:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban tanka ba. Malam Garba, ina tare da kai a kan aikatau, amma ban yarda Hausa ba ta da suna a nan ba. Kun manta da fari. Ɗan fari, 'yar fari, haihuwar fari, auren fari, saukar fari. Ku saurari nauyin da ke cikinsu. Haihuwar fari ba lissafi ba ne kawai na ɗaya, biyu, uku. Akwai tsoro a ciki, akwai rashin sabo, akwai goyon ciki da komawa gida wanka, akwai kunyar ɗan da ba za a kira sunansa ba. Farko yana ƙirga abu ne, fari kuwa yana gaya maka cewa mai abin bai taɓa yi ba, kuma ba zai sake zama kamar da ba. Har muna da farin shiga, wanda bai san kan wuri ba tukuna. Abin da 'yar nan ke nema ke nan. Me zai hana a ce fitowar fari, wasan fari, littafin fari?

Na yi aikin rediyo shekara talatin da ɗoriya. Ranar da aka fara ba ni labaran ƙarfe bakwai, na shekara biyu ina fassara wa wasu suna karantawa. Mai karantawa ne bai zo ba. Aka tura ni ɗakin, aka rufe ƙofa mai nauyi, jar fitila ta kama. Takardar hannuna tana karkarwa har makirfo yana ɗaukar ƙararta, mai kula da na'ura yana yi mini alama ta gilashi in ajiye ta a kan tebur. Da na koma gida na tarar mahaifiyata ta tara maƙwabta a zaure da rediyo a tsakiya. Ba ta ce na yi ƙoƙari ba, ta ce, "Na fari ke nan, Allah ya sa albarka." Kalmar da ta zo bakinta ke nan, kuma ba ta taɓa shiga aji ba.

Malam Garba:
Allah ya ja kwana, Baba Audu. Wannan gyara ne na gaske, na karɓa hannu biyu. Abu ɗaya kawai zan ce, kuma a kan rubutu ne, ba a kan ma'ana ba. Kai a rediyo ka yi aiki, inda murya ke raba gardama. A baki farin da kake nufi ana jan wasalinsa na farko, ba ya haɗuwa da farin launi, ba ya haɗuwa da farin rashin ruwa. A rubutun boko kuwa duka f-a-r-i ne, tunda ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti. Haihuwar fari da auren fari sun zauna, ido ya saba da su. Amma yaro ya ga "wasan fari" a waya, zai iya ɗauka wasan Turawa ake nufi, ko na masu farar riga. "Littafin fari" ma haka.

Baba Audu:
Gaskiya ne. Sai dai ido ma da gani yake sabawa. In masu rubutu suka guje ta saboda tsoro, nan da shekara ashirin jikokinmu ba za su san ta ba sai a ɗan fari. Ni dai ina roƙon a riƙa sa ta inda jimla ta fayyace. "Wannan ne fim ɗinta na fari." Wa zai ɓata a nan?

Maryam:
Ba wanda zai ɓata, Baba. Ni marubuciya ce, kuma "littafina na fari" nake cewa tun da can ban ma san dalili ba sai yau. Amma tunda an zo kan littafi da fim, akwai rikicin da nake gani kullum. Mutane suna haɗa abu uku wuri ɗaya. Ƙaddamarwa daban, ita bikin abu ce, littafi ko fim ko kundin waƙa, kuma marubuci zai iya ƙaddamar da littafinsa na goma. Haska fim karon farko a sinima shi ma na fim ɗin ne, ba na 'yan wasan ba. Sannan aikin fari na mutum daban yake da aikin da ya fito da shi. 'Yan fim suna da wannan bambanci a bakinsu, za ka ji an ce fim kaza ne ya fito da ita, alhali ta yi uku kafin shi ba a lura da ita ba. Abubakar Imam da Ruwan Bagaja ya fara, wanda ya rubuta don gasar da aka shirya a 1933 yana malamin makaranta a Katsina, Magana Jari Ce daga baya ta zo. Jarida kuwa fitowa take yi, shi ya sa muke cewa fitowar farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu 1939. A nan "fitowar farko" daidai take, ba wanda zai ce ta yi warin fassara.

Nura:
To ni yanzu na janye debu ɗin. Amma ina tsoron abu ɗaya, samari a gidajen kallo ba za su bari ba, sun riga sun saba.

Ɗan Maraɗi:
Su yi ta faɗi a hira, ƙanena, ba komai. Amma labarin Zainabu har tsoho a Tasawa zai sa a karanta mishi, shi da bai san dibat ba bai san debu ba.

Zainabu:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na mayar da labarin, kuma ya wuce. Kanun na sa: "Matashin ɗan wasan Najeriya ya fara bugawa sabuwar ƙungiyarsa". A ciki na rubuta cewa wannan ne wasansa na fari a Turai, kuma wasan gasa ne, ba na sada zumunta ba, saboda maganar Abba. Gobe akwai labarin wata mawaƙiya, ita zan gwada "fara shiga fage" in ga yadda masu karatu za su karɓa.

Malam Garba:
Ya yi kyau, 'yata. Ki koma kan kanun ki raba "buga wa". In kika haɗe su ya zama bugawa, kamar a ce yana bugawa, "wa" ɗin da ya ɗauki ƙungiyar ya ɓace. Ki ƙara "wasa" a ƙarshe kuma, don a san me ya buga.

Zainabu:
Na gyara yanzu, Malam. "Matashin ɗan wasan Najeriya ya fara buga wa sabuwar ƙungiyarsa wasa."